Hoton Kwamfuta Ma Alkawari Ne

Yanzu a Legas, ko shago za a gina a Oshodi ko gida a Agege, mai zane kan fara nuna wa mai aiki hoton ginin da ya haɗa a kwamfuta. Tayil na sheƙi, fenti na walwali, gilashi fes. Ana gama gini sai a tarar abin da ke waya daban, abin da ke ƙasa daban. Wannan salo yana damuna, domin mutum ya zuba guminsa ne kan abin da ya gani.

Masana fannin sun bambanta hoton da aka yi don burge ido da wanda aka yi don ya faɗi yadda abu zai fito tun kafin a ƙera shi. Na biyun ba ya samuwa sai da awo. A 1984 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka suka harhaɗa akwati na gaske don gwada ko lissafin haskensu ya yi daidai da zahiri. A 2003 Wojciech Matusik da abokan aikinsa suka auna yadda kayayyaki sama da 100 ke mayar da haske ta kowace kusurwa. Tsarin lissafin haske da kamfanin Disney ya gabatar a 2012 kuwa ya shiga manhajar Blender a 2017, kuma kyauta ake sauke ta.

To amma kayanmu fa? Adon shadda a saƙa yake, sai an karkata ta haske ya bayyana shi. Turkuɗin Kura da ya sha bugu yana ɗaukar ido tamkar ƙarfe. Ranar hunturu mai hazo ba ta haska bango yadda ranar damina ke yi. Wanda ya ɗauko awon wata ƙasa ya ɗora wa waɗannan, kintace kawai ya yi.

Ina kira ga sassan zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Legas su auna kayanmu, su raba wa matasa. Kafin nan, mai zane ya karɓo samfurin tayil da fenti daga kasuwa, ya duba su a ranar wurin ginin, ya gyara hotonsa. Inda kuwa ya ƙara gishiri, ya faɗa wa mai aiki tun ba a biya kuɗi ba.