Likitan Dankalin Turawa

Kofin gilashi, ruwa mai tsabta da sabuwar reza. Da waɗannan ukun kaɗai gwanin binciken cututtukan tsirrai kan yanke hukuncin da zai shafi gona shekaru da dama. Manomi ya kawo masa dankalin turawan da ya yanƙwane alhali ƙasa jiƙe take sharkaf. Sai ya wanke karan, ya yanke shi dab da tushe, ya rataya guntun yadda bakin yankan zai nutse cikin ruwan, ya hana kowa taɓa teburin. Bayan 'yan mintoci, in abin da yake zargi ne, wani farin zare siriri zai fara saukowa daga karan, yana lanƙwasa kamar hayaƙin turaren wuta, sai dai shi ƙasa yake yi. Zaren nan tarin bakteriya ne da suka toshe jijiyoyin da ke kai wa ganye ruwa. Tsiron, ƙishirwa ke kashe shi, ga ruwa kuwa har wuya.

Abin da zai faɗa wa manomin daga nan shi ne ya sa nake ganin girman wannan aiki. Zai ce masa kada ya kashe ko sisi a kan maganin feshi, domin babu feshin da ke warkar da wannan cuta. A cikin ƙasa take zaune, a cikin iri take tafiya. A tuge waɗanda suka kamu, kada a ajiye iri daga gonar, kada kuma a bi ta da tumatir, barkono ko yalo, don dangin juna ne, cuta ɗaya ke cin su. A sa masara ko wani hatsi, ƙasar ta huta. Ba kowa ke son jin haka ba, amma ya fi a yi ta zuba kuɗi a tukunyar da ta fashe.

A Najeriya, in ana zancen dankalin turawa, Filato ake nufi: Bokkos, Mangu, Barikin Ladi, Pankshin. A can ne, a Kuru kusa da Jos, cibiyar gwamnatin tarayya mai binciken amfanin gona masu saiwa, wadda hedkwatarta ke Umudike, take da sashenta na dankalin turawa. Sanyin tsaunukan nan shi ne arzikin dankali, shi ne kuma abin da babbar abokiyar gabarsa take so. Idan damina ta nutsa a Yuli da Agusta, hazo ya kwanta, ganye ya kwana da lema, sai cutar ƙunar ganye ta sauka. Gonar da aka bari kore shar tana iya komawa baƙi ƙirin, tana wari, cikin mako ɗaya ko biyu. Wannan cuta ce ta afka wa ƙasar Ailan a 1845, yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi hijira. A lokacin mutane da yawa sun ɗauka damshi ne kawai ke ruɓar da dankalin, sai da wani Bajamushe, Anton de Bary, ya nuna cewa wata halitta ce mai rai ke haddasa ruɓar. Daga irin aikinsa wannan fanni ya kafu.

To amma baƙin tabo a ganye ba shaida ba ce. Akwai wata cutar mai kama da ƙunar ganye, wadda tabonta ke da zobe cikin zobe kamar faifai, ta fi kama tsofaffin ganyen ƙasa, ba ta kuma da saurin ta farko. Ƙarancin taki kan ƙona gefen ganye, haka ma feshin da aka cika masa ƙarfi. Gwanin kan juya ganyen ya duba bayansa, ko akwai farar funfuna a gefen tabon. In bai gani ba, ba ya gaggawa. Zai sa ganyen a leda tare da jiƙaƙƙiyar takarda, ya bar shi ya kwana a wuri mai sanyi. Da safe ya ɗebo ɗan abin da ya tsiro da bakin allura, ya ɗiga masa ruwa, ya sa a madubin likita. Idan ya ga 'yan ƙwayoyi masu siffar lemun tsami, kowanne da ɗan tsini a kai, magana ta ƙare. A nan kam feshi yana da amfani, amma yau, ba jibi ba, kuma har gonakin maƙwabta da ba su kamu ba tukuna.

Sai masu wuyar sha'ani, ƙwayoyin bairas da darɓa ke ɗauka daga tsiro zuwa tsiro. Su ba sa kashe gona farat ɗaya. Ganye ya nannaɗe ko ya yi dabbare-dabbare, 'ya'yan su riƙa ƙanƙancewa shekara bayan shekara, manomi ya ce iri ya gaji. Madubin likita ba ya ganin su. Sai an niƙa ganyen, an ɗiga ruwansa a faranti mai 'yan ramuka 96, an bi shi da sinadarai daki-daki, ana wankewa ana jira. Ramin da ya koma rawaya, cuta na nan. Da irin wannan gwaji ake tantance irin da ya cancanci a raba wa manoma, kuma kuskuren rami ɗaya na iya bazuwa a ƙauyuka.

Aiki ne na ido da haƙuri, kuma rabinsa tambaya ce: daga ina aka sayo irin, me aka shuka bara, ta wane gefen gona abin ya fara, yaushe aka yi ruwa na ƙarshe. Ga manomin da zai aika da samfuri ta hannun malamin gona, kada ya zaɓi tsiron da ya riga ya mutu murus. Ya tuge wanda ya fara kamuwa, da saiwarsa da 'ya'yansa da 'yar ƙasar jikinsa, ya naɗe shi a takarda, ya kare shi daga rana, ya kai shi a ranar.