Giɓin da ke tsakanin Golden Eaglets da Super Eagles

Babu ƙasar da ta kai Najeriya lashe kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17, domin tawagarta ta matasa, Golden Eaglets, ta ɗauke shi har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma babbar tawagarta, Super Eagles, ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 a gasar manya ba. Victor Osimhen, wanda ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015, ya cika alkawarin ƙuruciyarsa, alhali Macauley Chrisantus da ya fi kowa cin ƙwallo a 2007, da Sani Emmanuel da aka zaɓa gwarzon gasar 2009, ba su samu gindin zama a Super Eagles ba.

Bayanin da aka fi yi shi ne rage shekaru, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tun da wanda ya girmi abokan karawarsa da ƙarfin jiki yake cin nasara, fifikon da ke gushewa da zarar ya shiga cikin manya. Wannan ne ya sa FIFA ta fara amfani da hoton MRI a 2009, wato na'urar da ke duba ko ƙashin wuyan hannu ya gama haɗewa. Sai dai wannan bayani bai wadatar ba, domin ko yaron da shekarunsa ke daidai yakan ɓace a tsakanin shekara 17 da 21, lokacin da ya fi bukatar buga wasa kowane mako.

A nan ne babbar ɓarakar take. Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa ƙetare kafin ya cika 18, don haka yakan zauna jiran dillali, yayin da iyaye da dangi suka zuba masa ido, kuma idan tafiyar ta yiwu sai ya ƙare a benci ko a riƙa ba da shi aro daga wannan ƙungiya zuwa waccan. Gasar cikin gida, wadda ya kamata ta cike giɓin, tana fama da jinkirin albashi da ƙarancin kula da masu rauni, shi ya sa matasa ke raina ta. Duk da haka, a Kano Pillars Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka guda kafin ya tafi Holan a 2010, ya kuma buga wa Super Eagles wasa sama da 100.