Mai Auna Kulorin a Bakin Rijiya

Idan damina ta yi tsakiya a ƙasar Bukkuyum, ruwan tafki da na rijiya marar murfi kan koma kamar kunun kanwa, kuma a lokacin ne amai da gudawa ke leƙa gidaje. Sai ka ga mai sa wa ruwa magani ya durƙusa a bakin rijiya da bokitai huɗu, cokali, sirinji marar allura da agogo. Manyan kayan aikin ke nan.

Ba ya farawa da kulorin. Gutsuren alif yake kaɗawa a cikin ruwan, ko dakakkun ƙwayoyin zogale, ya bar shi ya kwanta. Laka da ruɓaɓɓen ganye su dunƙule su sauka ƙasa, ya tsiyaye na sama ta farin ƙyalle. Wannan jiran shi ne rabin sana'ar, domin ba ƙwayoyin cuta kaɗai kulorin ke kamawa ba. In ya tarar da ruɓaɓɓen ganye, sai ya haɗu da shi ya haifi wasu sinadarai da ake kira tirihalometan, cikinsu har da kuloroform. Wani masani a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, Johannes Rook, shi ya bayyana haka a 1974. Sinadaran ba sa kayar da mutum yau ko gobe, amma bincike ya danganta shan su shekara da shekaru da ƙarin haɗarin sankarar mafitsara. Kwalara kuwa a wuni ɗaya take kisa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada tsoron waɗannan sinadarai ya sa a fasa kashe cuta.

Sannan awo. Yana narkar da giram 15 na garin kulorin mai ƙarfi, kusan cokali ɗaya a shafe, a lita ɗaya ta ruwa. Daga nan ya zuƙa da sirinji, ya ɗiga wa bokitan masu lita 20: wannan mililita 1, wancan 1.5, na uku 2, na huɗu 2.5. Ya duba agogo, ya jira minti 30. Sai ya ɗebi kaɗan daga kowanne ya jefa ƙwayar gwaji. Ruwan ya yi ja-ja, ya gwada launin da na jikin ma'auni, yana neman bokitin da ya rage da kusan miligiram 0.5 a lita. Awon wannan bokitin shi ne na ranar. Gobe in sama ta zubar, ya sake daga farko.

Rago kan watsa gari da ka a ruwa mai duhu, ya ji wari ya ce aiki ya yi, alhali datti ya cinye maganin.

Akwai kuma abin da gwanin ba ya ɓoye wa matan da ke layi da jarkoki: kulorin ba ya cire dalma. A ƙasar da gubar dalma ta 2010 ta ɗauke yara a Yargalma da ƙauyukan Anka, kafin ya buɗe gwangwanin kulorinsa yakan tambaya ko an taɓa wanke dutsen zinariya kusa da rijiyar.