Ginin Kotun Alƙali a Ƙasar Gwarzo: Abin da Masu Nazari Suka Tsallake

Masu nazarin gine-ginen Hausa sun fi mai da hankali ga fada da masallaci. J. C. Moughtin, a littafinsa na 1985, ya yi bayanin ɗakin shari'a da ke jikin masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. To amma wannan ginin birni ne. Mutumin Kutama ko na Kabo bai san shari'a a irin wannan wuri ba. Inda ya san ta shi ne gaban alƙalin gunduma, tun lokacin da Turawa suka fitar da hakimai daga birnin Kano zuwa ƙasashensu, bayan 1907.

A ganinmu wannan giɓi ne babba, domin fasalin ɗaki yana da hannu a yadda ake sauraron ƙara. Soron alƙali na da, da tubali da azara aka yi shi. Azara kuwa ba ta ɗaukar nauyin rufi in faɗin ya wuce kamar ƙafa 6, sai magini ya ɗaura baka. Saboda haka ɗakin ba ya yin girma ainun. Alƙali yana bisa buzunsa, muhuti da magatakarda a gefe, mai ƙara da wanda ake ƙara sun tuɓe takalma sun gurfana, kowa yana jin numfashin kowa. Ba mu ce kusanci shi ne adalci ba, don talaka ya sha wuya a waɗannan soraye ma. Amma dai ba sai ya ɗaga murya ba kafin a ji shi.

Da aka karɓe kotuna daga hannun En'e a 1968, suka zama kotunan yanki, sai ginin bulo da kwano ya ƙara yaɗuwa. Aka ɗaga mazaunin alƙali, aka jera bencina, aka keɓe wa mai ba da shaida wurin tsayawa, duk bisa tsarin kotun majistare. Wanda ya zana wannan fasali bai yi shawara da bazara ba, balle damina: in ruwa ya kece bisa kwano, sai a dakata da shari'a, don magatakarda ba ya jin abin da zai rubuta.

Ko da aka mai da su kotunan shari'ar Musulunci a 2000, suna aka sauya, fasalin ginin yana nan yadda yake. Soron ƙasa kuwa, in aka daina yi masa yaɓe, damina kaɗan ke kai shi ƙasa, tun ba a auna shi an zana a takarda ba.