Rabin Gaskiya: Dabarar da Tiger 3 Ya Yi Wasa da Ita

Tun da Tiger 3 ya shigo hannun masu tura fina-finai a waya, masu kushe fim ɗin leƙen asiri suka samu abin faɗa. Cewa suke yi ai ga shi nan, dama babu komai a irin waɗannan fina-finai sai harbe-harbe da kifewar motoci, samarin Danchadi da Bodinga da Shagari kuɗin caji kawai suke zubarwa. Na yarda fim ɗin bai yi armashi ba. Amma in tuwo ya yi gudaji, ba dawa ake zagi ba, mai tuƙi ake tambaya.

Fim ɗin Indiya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen sinima suka fara kawo shi, har aka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Daga sinima aka koma kaset, sai faifai, yau kuma memori, ga fassarar Hausa irin ta su Algaita a Kano ta kawar da shingen harshe. Jerin Tiger na kamfanin Yash Raj ya fara da Ek Tha Tiger a 2012, Tiger Zinda Hai ya biyo baya a 2017, na ukun ya fito ranar 12 ga Nuwamba, 2023, Maneesh Sharma ya ba da umarni.

Kowa ya san ƙa'ida: akwai akta, akwai bos, kuma akta ba ya mutuwa. To in mai kallo ya san harsashi ba zai ɗauke Salman Khan, wato Tiger, ba, me ke zaunar da shi awa biyu da rabi a kan benci? A fim ɗin leƙen asiri amsar ɗaya ce: wa ya san me. Gwanin marubuci yakan miƙa wa mai kallo rabin gaskiya, ya danne rabin a aljihu.

Dubi yadda darakta Kabir Khan ya yi a fim na farko. An tura Tiger, jami'in hukumar RAW ta Indiya, birnin Dublin ya sa ido a kan wani farfesa da ake zargi da ba Pakistan sirrin makamai. Ya shiga da sunan marubuci mai son rubuta littafi. Mu masu kallo mun san ƙarya yake yi. Don haka duk lokacin da ya zauna da Zoya, yarinyar da ke kula da gidan farfesan, ita muke tausayawa, muna jiran ranar da za ta gane an yaudare ta. Daraktan ya bar mu a haka, ga raha, ga waƙa, ga soyayya tana kama Tiger da gaske, har muka saki jiki. Sai Tiger ya iske ta tana kwashe bayanai daga kwamfutar farfesan: ashe 'yar ISI ce, hukumar leƙen asirin Pakistan. Nan take duk abin da ya gabata ya sake ma'ana. Murmushin da muka ɗauka na rashin wayo, aiki ne. Wanda muke wa kallon mafarauci, tun farko ana dakonsa.

Wannan ne wurin da samari kan dakatar da fim a bakin shagon caji, kawuna biyar a kan waya ɗaya. Wani ya ce, "Wagga ɗiya ba ta da gaskiya." Na gefensa ya amsa, "To shi gaskiya shika hwaɗa mata?" Gardamar takan fi ta wurin da Tiger ya tsayar da jirgin ƙasa na cikin gari tsawo, domin a can ƙarfi ne kawai, a nan kuwa an ba mai kallo shari'a ya yanke.

A na biyu sirrin ya ragu, amma darakta Ali Abbas Zafar ya cike gurbin da ƙurewar lokaci: ma'aikatan jinya 40 a hannun bos Abu Usman a Iraƙi, Amurka ta ba da kwana bakwai kafin ta yi ruwan bama-bamai, Tiger da mutanensa sun shiga a matsayin ma'aikatan matatar mai. Ɓad-da-kama bai mutu ba.

Tiger 3 ya ɗauko tsohuwar dabarar, sai ya kasa riƙe ta. Tun farkon fim wani jami'i mai suna Gopi, yana kan gargarar mutuwa, ya shaida wa Tiger cewa Zoya, wadda yanzu matar Tiger ce, tana cin amanarsa. Madalla da mafari! Miji da mata a gida ɗaya, kowa jami'i, kowa ya iya ƙarya. Wannan ya isa ya ɗauki fim har ƙarshe. Amma ba a je ko'ina ba aka warware: bos Aatish Rehman, wato Emraan Hashmi, shi ya tilasta mata, don ran ɗansu Junior yana hannunsa. Shi ke nan, an wanke ta, an zazzage aljihu. Abin da ya rage sai gudu da tsalle. Da labari ya sare, sai aka kira Shah Rukh Khan a matsayin Pathaan ya zo ceto. An yi ihu, gaskiya ne, amma aktan da sai an aro masa akta, martabarsa ta taɓu.

Wasu sun ce Salman ne ya tsufa. Shekararsa 57 a lokacin, Tom Cruise ya girme shi kuma bai daina tsalle ba. Wasu sun ɗora laifin a kan gasar kurket ta duniya da Indiya ta buga wasan ƙarshenta ranar 19 ga Nuwamba. Wannan zai iya bayyana dalilin da kuɗin fim ɗin bai kai rabin na fim ɗin Pathaan ba, amma ɗan Danchadi bai san kurket ba, kuma shi ma hamma ya yi. Ciwon a rubutu yake, kuma ba Indiya kaɗai ya kama ba. The Bourne Identity na 2002 ya tsaya ne a kan mutumin da bai san ko shi wane ne ba. Da aka dawo da shi a 2016 ya riga ya tuna kusan komai, sai fim ɗin ya koma ragargaza motoci a Las Vegas.

A nan ne nake ganin 'yan Kannywood suna cutar kansu in suka ce irin wannan fim ya fi ƙarfin aljihunsu. Jirgi mai saukar ungulu ne ke da tsada, kuma shi ne abin da bai ceci Tiger 3 ba. Rabin gaskiya kuwa ɗaki ɗaya yake buƙata, da mutum biyu, da marubucin da ya iya kame bakinsa har lokaci ya yi. Jama'ar da ta tashi da tatsuniyar Gizo ta daɗe da sanin daɗin kallon mai wayo yana faɗawa tarkon wanda ya fi shi. Labarin ɗan leƙen asiri a kan iyakar Illela da Ƙonni, wanda amininsa ke kai rahotonsa, ba ya jiran kuɗin Mumbai. Alƙalami yake jira.