4.3 Tarken Ikon Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam Kan Zaluncin 'Yan Sanda

A wannan sashe za a duba ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ƙarfin tsawata wa 'yan sanda. Zaluncin ya girmi hukumar, domin a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma sun buɗe wa manoman Bakolori wuta a tsohuwar Jihar Sakkwato, saboda neman diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta ci. A lokacin babu wata hukuma irin wannan da za su kai wa kuka.

Gwamnatin Janar Sani Abacha ce ta kafa hukumar a 1995, amma ta yi mata ɗaurin talala. A dokar farko aikinta bincike ne da ba da shawara, kuma naɗi da tuɓe shugabanninta suna hannun gwamnati. Wannan rauni ya fito fili a 2006, lokacin da aka cire sakatarenta, Bukhari Bello, bayan ya soki jami'an tsaro kan muzguna wa 'yan jarida.

Dole a yaba wa gyaran dokar na 2010, wanda ya ba hukumar ikon yanke diyya mai nauyi daidai da hukuncin babbar kotu. Duk da haka, a 2019 kwamitin da ta jagoranta kan rundunar SARS ya miƙa wa Shugaba Buhari rahoto, ya nemi a kori jami'ai 37, amma ba a rusa rundunar ba sai a watan Oktoban 2020, bayan matasa sun fito zanga-zanga. Dalili kuwa shi ne, korar ɗan sanda aikin Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ne, gurfanar da shi kuma yana hannun masu gabatar da ƙara na gwamnati.

Idan aka ɗauki misalin magidanci a Unguwar Rogo da aka tsare ɗansa kwana uku, aka nemi kuɗin beli, alhali beli kyauta ne, za a ga girman giɓin. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan kotun tana kusa. Amma dokar da Turanci take, kuma binciken hukumar yana ɗaukar lokaci, sai uban ya ci bashi ya biya.

Bisa wannan, nazarin ya gano cewa hukumar ta fi ƙarfi wajen tattara shaida, ta kuma yi rauni wajen zartarwa, domin tana dogara ne ga waɗanda aka kafa ta don ta sa musu ido.