Sharhi a Kan "The Red Tent": Tantin da Babu Ciwon Mara a Cikinsa

A 1997 ne Anita Diamant, marubuciya Ba'amurkiya, ta fitar da ƙagaggen labarinta mai suna The Red Tent, wato Jan Tanti. Tauraruwar littafin Dinatu ce, wadda sura ta 34 ta littafin Farawa na Baibul ta ba da labarinta ba tare da an ji ta furta ko kalma guda ba. Diamant ta ba ta baki, ta kuma ɗora jigon a kan haila.

Duk tsayuwar wata, matan gidan kan shige jan tanti su yi kwana uku. Ba girki, ba ɗaukar ruwa. Sai hira, da waƙa, da bautar allolinsu mata, da koya wa 'yan mata ungozomanci. Ranar da Dinatu ta fara ganin jini, biki aka yi mata. A nan dole a sara wa marubuciyar. Abin da mu kan sakaya da "baƙon wata" ko "fashin salla", ita ta mai da shi ginshiƙin zubin labari, domin a tantin ne tarihin gidan ke fita daga bakin uwa zuwa kunnen 'ya.

Sai dai fa tsarkakewar ta yi yawa. Ita kanta Diamant ta amsa cewa ba ta sami shaidar tarihi ta irin wannan tanti a wancan wuri da zamani ba. Wannan ba laifi ba ne, ƙage aikin marubuci ne. Inda gizo ke saƙar shi ne an share wahala. Mata huɗu, kishiyoyi, jininsu na zuwa tare da jinjirin wata kamar an buga ƙararrawa! Mai karatu zai yi ta laluben wadda mara ta murɗa, ko wadda zaman ya gundura, da ƙyar ya samu.

Alhali keɓe mai haila ba tatsuniya ba ce. A yammacin ƙasar Nefal, al'adar chhaupadi kan kora mace zuwa bukka, inda saran maciji da hayaƙin wutar jin ɗumi suka halaka wasu. Kotun ƙolin ƙasar ta haramta al'adar a 2005, aka mai da ita laifin ɗauri a 2017. Tantin Diamant yana da turare da waina. Ƙofarsa kuma matan ne da kansu ke rufewa daga ciki.